HAƘƘIN ƘARAMI A KAN BABBA A MAKARANTAR KWANA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya haramta wa kansa zalunci, ya kuma haramta shi a tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi Musulmi, wannan wa'azi naka ne, kai da ke manyan azuzuwa a makarantar sakandare, musamman ta kwana, da kai da ka gama karatu ka komo kana koyarwa. Tambaya ɗaya ce za mu yi maka, muna roƙonka ka amsa ta tsakaninka da Ubangijinka. Yaron nan ɗan aji ɗaya, wanda aka kawo ɗakinku da akwatinsa da bokitinsa, idonsa bai ko bushe da kukan rabuwa da gida ba, me kake binsa, shi kuma me yake binka?

Abin da kake binsa kam ka haddace shi kamar Fatiha: ya ɗebo maka ruwan wanka da asuba, ya wanke maka kaya, ya goge, ya karɓo maka abinci, in garin kwakinsa da sukarinsa sun yi maka ka ɗiba. To, amma abin da shi yake binka fa? A nan ne siniyoyi da yawa suke yin shiru, domin ba su taɓa zaton ƙarami yana da wani haƙƙi a kansu ba. Alhali kuwa a shari'a nauyin da ke kan babba ya fi wanda ke kan ƙarami nesa ba kusa ba.

Ka sani, da farko, ba a ɗauke maka alƙalami ba domin kana ɗalibi. Wanda ya kai shekara 16 ko 17 baligi ne, mukallafi ne, mala'iku biyu suna rubuta masa abin da ya yi kamar yadda suke rubuta wa mahaifinsa. Ba a rufe littafin ayyuka a ƙofar makaranta a ce sai an yi hutu a buɗe. Marin da ka yi wa yaro a bayan ɗakin kwana da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, bayan an kashe fitila, yana nan a rubuce, ko shugaban makaranta bai ji ba har abada. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya bayyana wa sahabbai wanda shi ne matsiyaci na haƙiƙa a cikin al'ummarsa: mutum ne da zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya doki wancan, sai a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu, in ya ƙare a kwaso zunubansu a jibga masa. Duba da kyau, ɗan'uwa. Zagi, da cin dukiya, da duka. Wanne ne a cikin ukun nan ba a yi a ɗakunan kwananmu kullum dare?

"HAKA MUKA TARAR"

In ka yi wa siniya wannan magana, amsar da za ka fara ji ita ce: ai mu ma haka aka yi mana, haka muka tarar, al'adar makaranta ce. Subhanallahi! Wannan fa ita ce hujjar da mutanen annabawa suka riƙa kafa musu, cewa sun sami iyayensu a kan wata hanya, ba za su bar ta ba. Alƙur'ani ya ambaci wannan hujja a wurare da yawa, kuma bai taɓa ambatonta ba face domin ya rushe ta. Kai da kake musun bidi'a a masallaci, kana cewa a kawo dalili daga Littafi da Sunna, yaya in aka zo kan dukan yaro sai ka koma kana kafa hujja da al'ada?

Kuma ma, al'adar wa? Tsarin nan na ba manyan ɗalibai iko a kan ƙanana, har ƙaramin ya zama kamar baran babba, daga makarantun kwana na 'ya'yan manya a Ingila ya fito, irin su Iton da Ragbi. Wani shugaban makarantar Ragbi, Thomas Arnold, wanda ya riƙe ta daga 1828 zuwa 1842, shi ya shahara da ƙarfafa ikon 'yan ajin ƙarshe a kan sauran. Da Turawa suka kafa mana makarantun kwana, tun daga Kwalejin Katsina a 1921, wadda ta koma Kaduna sa'an nan Zariya ta zama Barewa, sai suka zo da tsarin gidaje da shugabannin ɗalibai. Ba mu ce duk abin da ke cikinsa sharri ne ba. An sami horo da tsabta da kiyaye lokaci, an kuma sami zumunci mai ƙarfi tsakanin 'ya'yan larduna dabam-dabam. Daga can Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito. Amma bautar da ƙanana da dukansu, su kansu Turawan sun yar da su. A wajen 1980 manyan makarantunsu suka daina al'adar yi wa siniya bauta, a 1986 kuma majalisarsu ta hana bulala a makarantun gwamnati. Mai kaya ya zubar da kayansa a juji, mu muna can muna tsincewa muna cewa gadonmu ne.

Kada kuma mu ɗora wa Bature laifin duka. Wanda ya san tsangaya ya san abin da wani gardi yake yi wa kolo in malam ya ba da baya. Ciwon yana cikin zuciyar ɗan Adam ne: in aka ba shi iko a kan wanda ba shi da mai tsaya masa, sai ya yi ɗagawa, sai wanda Allah ya kiyaye. Abin da ya ƙara ta'azzara shi a ƙasarmu shi ne yawan ɗalibai da ƙarancin malamai. Tun da aka soma shirin ilmin firamare kyauta a 1976, yara suka fito fiye da lissafin gwamnati, bayan 'yan shekaru suka cika sakandare, ɗakin da aka gina domin mutum ashirin ya koma ɗaukar ninkin haka. Malami ɗaya ba ya iya duba gida guda, wani ma a cikin gari yake kwana. Da magariba ta yi, makaranta ta koma hannun 'yan shekara 17. Wannan uzuri ne da za a iya kawo wa hukuma, amma kai da aka bar wa yaran ba uzurinka ba ne. Shi ne ma ya mai da su amana a wuyanka, tun da Manzon Allah (S.A.W.) ya sanar da mu cewa kowane ɗayanmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Mai yiwuwa ka ce: to, in ba a duka, ai yara ba za su ji magana ba, makaranta ta lalace. Wannan magana tana da ɗan kama da gaskiya, saboda haka bari mu tsaya a kanta.

Malamanmu na mazhabar Maliku sun riga mu tunanin wannan mas'ala da fiye da shekara dubu. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta ɗan littafi a kan ladubban malamai, Adabul Mu'allimina. A ciki ya halatta wa malami ladabtarwa, amma ya ɗaure ta da igiyoyi: kada ta wuce bulala uku sai da iznin uba, kada a doki fuska ko kai, kada malami ya yi duka domin huce fushinsa, kada ya hana yaro abincinsa. Sa'an nan ya kawo daga mahaifinsa, Imam Sahnun, abubuwa biyu da suka shafe ka kai tsaye. Na ɗaya, ba a son malami ya wakilta wani yaro ya doki 'yan'uwansa. Na biyu, bai halatta ga malami ya riƙa aiken yara cikin buƙatun kansa ba. To, ka ji. Malami ke nan, wanda uba ya danƙa wa ɗansa hannu da hannu. In shi an hana shi aiken yaro domin buƙatar kansa, kai da kuka zo neman ilmi tare, uban wani bai ba ka ɗansa ba, daga ina ka sami iznin sa shi wankin wandonka? In an ce bulala uku ga malami, wa ya ba ka wayar lantarki da bel?

Ibn Haldun kuma, wanda ya rasu a shekara ta 808 bayan Hijira, ya keɓe fasali guda a cikin Muƙaddimarsa a kan cewa tsanantawa ga masu neman ilmi tana cutar da su. Ya ce yaron da aka rena da ƙarfa-ƙarfa ƙirjinsa yakan ƙuntata, nishaɗinsa ya tafi, ya koyi kasala da ƙarya da makirci, domin kullum yana nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba saboda tsoron hannu. Ashe ba abin da muke gani ke nan ba? Yaro ya zo daga gida ba ya ƙarya, kafin zango biyu ya gwanance: ya ɓoye kuɗinsa a cikin katifa ya rantse ba shi da ko kwabo, ya yi ciwon ƙarya domin ya kwana a ɗakin shan magani, ya tsallake katanga ya kwana a gari. Wanda ka ce kana gyarawa, kai ka koya masa rantsuwa a kan ƙarya. Jin maganar da kake gani a gabanka kuwa tsoro ne kurum, ranar da ka juya baya ya ƙare. Abin da ya rage a zuciyarsa shi ne jiran ranar da zai zama siniya ya rama a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Muƙami in an ba ka, shugaban ɗalibai ne ko shugaban gida ko monita, yana da iyaka. Ka tsayar da doka, ka tashi mutane salla da aji, ka raba aikin shara da adalci, wanda ya ƙi ka kai shi gaban malami. Hukuncin da makaranta ta yarda da shi a fili, kamar yankan ciyawa ko ɗibar ruwa domin jama'a, ka yi shi da rana tsaka, gwargwadon laifi, ba tare da zagin iyaye ba. Amma tsallen kwaɗo har yaro ya kasa tafiya, da durƙuso a kan tsakuwa cikin sanyin hunturu, da tashin yara tsakar dare domin a yi nishaɗi da tsoronsu, babu mai kiran wannan tarbiyya sai wanda Shaiɗan ya ƙawata wa aikinsa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa da wasa, ya farka a firgice, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya hana, ya nuna bai halatta a tsorata Musulmi ba. Igiya ke nan, da wasa. Kuma Abu Mas'ud Albadari yana cikin dukan bawansa ya ji murya a bayansa, Manzon Allah ne yake tuna masa cewa Allah ya fi iko a kansa fiye da ikonsa a kan yaron nan. Nan take ya 'yanta shi, aka kuma gaya masa da bai yi haka ba da wuta ta shafe shi. Bawansa ne fa, mallakarsa. Ɗan aji ɗaya kuwa ɗa ne, ɗan mutane.

YADDA MANZON ALLAH YA RIƘI ƊALIBANSA

Barin zalunci shi ne matakin ƙasa. Wanda bai doki kowa ba, amma yaro yana kwance da zazzaɓi a gadon da ke kusa da nasa kwana biyu bai tambaye shi ba, bai sauke nauyi ba tukuna.

Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Maliku ɗan Huwairis, Allah ya yarda da shi. Shi da waɗansu samari tsararrakin juna suka zo Madina neman ilmi, suka zauna wurin Manzon Allah (S.A.W.) kwana ashirin. Ka ga 'yan makarantar kwana ke nan. Ba su yi ƙorafi ba, amma shi da kansa ya lura sun soma kewar gida. Sai ya tambaye su waɗanda suka baro, suka ba shi labari, sa'an nan ya sallame su su koma su koyar da iyalansu, ya ce in lokacin salla ya yi ɗayansu ya kira, babbansu ya ba su salla. Mutumin da wahayi ke sauko masa, yana da yaƙi a gabansa da baƙi a ƙofarsa, ya sami lokacin duba fuskokin samari ya gane suna begen iyayensu. Mu kuwa in yaro ya yi kukan gida sai a taru a yi masa dariya, a laƙa masa suna ya bi shi har ya gama makaranta, alhali Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi a aya guda. Ka lura kuma da abin da aka ba babbansu: limanci aka ba shi, watau ya tsaya a gaba ya ɗauki nauyin sallarsu. Ba a ce su wanke masa riga ba.

Anas ɗan Maliku ya shiga hidimar Manzon Allah yana ɗan shekara goma, kusan tsaran yaran da ake kawo muku, ya yi shekara goma yana yi, ya kuma shaida cewa ba a taɓa yi masa ko tsaki ba, ba a taɓa tuhumarsa a kan abin da ya yi ko ya bari ba. Uwar Muminai A'isha ta ce hannunsa bai taɓa dukan mace ko mai hidima ba. Wannan ita ce sunnar da aka fi mantawa a cikinmu. Ɗage wando da barin gemu sunna ne, muna kira gare su, amma suna da sauƙi. Riƙe hannu lokacin da ƙaramin yaro ya zubar maka da ruwan wanka, nan ake gane mai bin sunna.

Kula da ƙarami ba wani abu ne mai tsada ba. Ka san sunansa da garinsu. Ranar ziyara ka duba wanda ba a zo masa ba, domin a kowane ɗaki akwai maraya, akwai wanda kuɗin mota ya gagari iyayensa, yana zaune a gefe yana kallon ana buɗe kwanuka. Ka kira shi ku ci. In an zo rabon abinci ka tsaya ka ga ƙanana sun samu kafin manya su kwashe nama su bar musu gabza da ruwan miya. Wanda lissafi ya gagara ka zauna da shi rabin awa a karatun dare. Wanda yake fitsarin kwance ka rufa masa asiri, ka nuna masa inda zai shanya katifa ba a gani ba. Iyayen nan da suka kawo su, da zuciya biyu suka kawo su. Sun ji abin da ya faru a Buni Yadi a 2014, inda aka kashe ɗalibai cikin dare a ɗakunan kwanansu, sun ji na Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, inda aka kwashi yara fiye da 300 zuwa daji. Duk da haka suka daure suka kawo, domin son ilmi. Suna can suna addu'a Allah ya tsare musu 'ya'ya daga mugun da zai zo daga waje. Kada ya zama kai ne mugun da ke ciki.

HAƊIN KAI NA GASKIYA DA NA ƘARYA

Kowane shugaban makaranta yana kiran haɗin kai a wurin taron safe, kuma gaskiya ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma ba a haɗa kan mai cuta da wanda ake cuta. Ɗakin da rabinsa ke tsoron rabi, ko sun sa riga iri ɗaya sun yi waƙar gida ɗaya ranar wasanni, a rarrabe suke. Abin da ke haɗa mutane shi ne su ga ana raba wahala da daɗi daidai.

Dubi yadda aka haƙa ramin Handaƙ a shekara ta 5 bayan Hijira. An raba wa sahabbai wuri ƙungiya-ƙungiya, ga yunwa ga sanyi, Manzon Allah (S.A.W.) yana cikinsu yana ɗibar ƙasa har ƙura ta rufe masa ciki. Haka ya yi a ginin masallacinsa. Saboda haka in ranar aikin gayya ta zo, ko sharar gida ko yankan ciyawa, shugaban da ya fahimci addininsa shi ke fara ɗaukar lauje. Wanda ya tsaya a inuwa da sanda yana nuni, a yi masa aikin dai, amma ba a yi da zuciya ɗaya.

Akwai kuma wani abu da Manzon Allah ya yaba wa mutanen ƙabilar Ash'ar, har ya ce su nasa ne shi nasu ne. In guzurinsu ya ƙare a wurin yaƙi, ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sai su tara abin da ya rage wa kowa a mayafi ɗaya, su raba daidai da mudu ɗaya. Wallahi kamar domin 'yan makarantar kwana aka ruwaito wannan hadisi. Kowa ya san makonni ukun ƙarshen zango, lokacin da akwatuna suka bushe, ƙuli-ƙuli ya zama zinariya. Me zai hana 'yan ɗaki ɗaya su yi irin na Ash'arawa, mai gari ya kawo, mai sukari ya kawo, wanda ba shi da kome ya kawo cokalinsa? Sharaɗi ɗaya ne: da yardar rai, kuma babba ya fara buɗe nasa akwatin. In ƙanana kaɗai ke kawowa manya na ci, wannan ƙwace ne aka sake wa suna, kuma dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa. Abin da yaro ya miƙo maka hannunsa na rawa, ko ya ce ya ba ka, bai ba ka ba.

Haɗin kai yana kuma nufin kowa ya tsaya inda aka ajiye shi. Ranar Uhudu maharba hamsin aka ɗora a kan dutse ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, aka ce kada su sauka. Da mafi yawansu suka ga ganima suka sauka, Halidu ɗan Walidu, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo ta baya, aka kashe Musulmi saba'in. Mai kula da famfo, da mai raba abinci, da mai riƙe makullin ɗakin karatu, kowannensu a kan dutsensa yake.

Amma ka yi hattara, domin akwai abubuwan da ake kira haɗin kai a makaranta alhali kuwa taron dangi ne a kan saɓo. Allah ya yi umurni a farkon Suratul Ma'ida da taimakon juna a kan alheri da taƙawa, ya hana shi a kan zunubi da ƙetare haddi. Tara kuɗi domin a sayi amsar jarrabawa, ko miƙa takarda ta ƙarƙashin tebur, ha'inci ne ko aji duka ya yarda. Wanda ka ba satar amsa yau, gobe shi ne zai riƙe allura a asibiti ko ya auna ginin gada. Haka kuma ƙungiyar 'yan gari ɗaya ko yare ɗaya, wadda in an taɓa nasu sai su taso ba tare da tambayar wa ke da gaskiya ba. A wata tafiya wani Muhajiri ya shuri wani Ba'ansare, wannan ya yi kururuwar Ansaru, wancan ya yi ta Muhajirai, sai Manzon Allah ya fito ya kira abin kiran jahiliyya, ya ce a bar shi domin ɗoyi gare shi. Muhajirai da Ansaru sunaye ne da Alƙur'ani ya yaba, duk da haka da aka ɗaga su domin ɓangaranci aka hana. Ina ga sunan unguwa ko na ƙaramar hukuma?

Mafi muni a cikinsu shi ne dokar shiru, wai abin da ya faru a ɗaki ba ya fita, wanda ya kai ƙara munafuki ne. Da wannan doka azzalumai suke rayuwa. Ka sani kai ƙarar azzalumi wurin wanda zai iya hana shi ba giba ba ce, ba annamimanci ba ne. Imam Nawawi, da ya lissafa wurare shida da aka halatta ambaton mutum da abin da yake ƙi, kukan wanda aka zalunta ya sa a farko. Kuma da aka tambayi Manzon Allah yadda za a taimaki ɗan'uwa in shi ne azzalumin, ya nuna cewa hana shi zaluncin shi ne taimakonsa. Abokinka ne, ajinku ɗaya, ka fara yi masa nasiha a keɓe. In ya ƙi, ka kai maganar gaba. Akwai ma abin da ba a jira da shi ko kwana ɗaya. Wani babba yakan jawo yaro a jika da sunan shi ne ubangidansa, yana ba shi abinci yana kare shi, nufinsa kuwa lalata shi, wa'iyazu billahi. In ka ga alamar haka, ko yaro ya gaya maka, ka gaskata shi, ka kai ga malamin da ka amince da shi a ranar, kuma kada ka bari a tozarta yaron, domin shi aka cuta.

Duk abin da muka faɗa ya haɗa da ɗalibin da ba Musulmi ba. Zalunci haramun ne a kan kowa. Wanda gadonsa ke kusa da naka maƙwabcinka ne, yana da haƙƙin maƙwabtaka, kuma Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Yaro Kirista da ya yi shekara shida a cikinku ba zai karanta Buhari ba. Ku zai karanta, kuma abin da ya gani shi zai kai garinsu ya ce shi ne Musulunci.

Ku kuma 'yan'uwa na Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Legas tun 1954, muna yaba ƙoƙarinku na karatun asuba da wa'azin mako. Amma muna tambaya: a cikin jerin darussanku sau nawa aka yi darasi a kan haƙƙin ƙanana? Abin kunya ne a ga wanda ya ba da salla da magariba, da isha'i shi ne riƙe da bel. Abin kunya ne a kori yara zuwa masallaci da bulala, su yi salla ba alwala domin tsoro, su tashi suna ƙin masallacin da mai kiran salla. Mu'azu ɗan Jabal tsawaita karatu kawai ya yi a salla har wani ya fice, Manzon Allah ya yi masa faɗa mai tsanani domin kada ya zama mai fitinar mutane. Ya kamata masallacin makaranta ya zama wurin da yaron da aka cuta zai gudo, ya san akwai manya da za su tsaya masa ko a kan ɗan ajinsu ne. Ku sa wa kowane ɗaki mutum biyu masu duba marasa lafiya. Ku ajiye ɗan asusu domin sabulu da magani da kuɗin motar wanda hutu ya zo ba shi da na komawa gida.

Kai kuma matashin malami, ko mai yi wa ƙasa hidima da aka turo, kada ka ce aikinka ya ƙare da ƙararrawar tashi. Zagaya ɗakunan kwana sau ɗaya da dare, ba tare da sanarwa ba, ya fi wa'azi goma. In ka ga yaro yana barci a aji kullum, kafin ka doke shi ka tambayi wa ya hana shi barci jiya.

Saura magana ɗaya ga wanda ya karanta wannan ya ga kansa a ciki. Ƙofar tuba a buɗe take, amma malamai sun ce tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika da istigfari kaɗai, sai an mayar da haƙƙin ko mai shi ya yafe. Kai kuwa kana da wata dama da za ta wuce nan da 'yan watanni: waɗanda ka cuta suna nan tare da kai, ka san gadon kowa. Da zarar kun gama jarrabawar ƙarshe an watse, wani Sakkwato wani Maiduguri, wataƙila ba za ku sake haɗuwa ba sai a gaban Allah. Ka zauna ka tuna kuɗin wa ka karɓa, bokitin wa ka riƙe, wa ka mara. Abin da ake iya mayarwa ka mayar, ko kaɗan-kaɗan. Na duka da zagi ka kira yaron a keɓe ka nemi gafararsa, kada ka yi a gaban abokanka inda zai ce ya yafe domin tsoro. In ya ce bai yafe ba, haƙƙinsa ne, ka yi haƙuri ka ci gaba da kyautata masa. Wanda kuwa ya riga ya bar makarantar, ka nemi hanyar aika masa; in ka rasa shi sam, ka yi sadaka da gwargwadon abin da ka ci da niyyar ladan ya je gare shi, ka riƙa sa shi cikin addu'arka.